Littafin da Aka Buga da Littafin da Aka Ɓoye

A gaɓar teku ta kudu maso gabashin ƙasar Indiya akwai wani ƙaramin gari na mutanen Tamil, sunansa Tarangambadi. Da sunan ya yi wa Turawa nauyi a baki, sai suka mai da shi Tranquebar. Cikin shekara ta 1620 fataken ƙasar Danmak suka ƙulla alkawari da Sarkin Tanjawur, Raghunatha Nayak, ya yardar musu su zauna a garin su yi ciniki, su riƙa biyansa kuɗin ƙasa kowace shekara. Suka gina wani ƙaton soro na yaƙi a bakin ruwa, suka sa masa suna Dansborg. Shekara 86 suna nan suna saye da sayarwa, ba abin da ya dame su da harshen mutanen gari sai gwargwadon abin da zai ishe su taya kaya da sallamawa.

Ran 9 ga watan Yuli, 1706, wani jirgi ya sauke waɗansu Jamusawa biyu, Bartholomäus Ziegenbalg da Heinrich Plütschau. Sarkin Danmak, Frederik na Huɗu, shi ya aiko su, don su yi wa talakawansa na Indiya wa'azin addinin Kirista bisa tafarkin Furotesta, watau waɗanda suka rabu da Paparoma tun zamanin Luther. Sarkin ya nemi masu zuwa a ƙasarsa bai samu ba, sai aka samo masa waɗannan daga cikin almajiran wani babban malami na garin Halle a Jamus, a ke ce da shi August Hermann Francke. Plütschau ya koma gida cikin 1711. Ziegenbalg kuwa, in ban da tafiya guda da ya yi zuwa Turai tsakanin 1714 da 1716, nan ya zauna har ya rasu cikin watan Fabrairu na 1719, yana da shekara 36.

Ba mu da nufin shiga gardamar addini a wannan maƙala. Abin da mu ke so mu auna shi ne littattafan da mutumin nan ya bari, gama sun kasu iri biyu. Akwai waɗanda ya rubuta da harshen Tamil, yana yi wa mutanen ƙasar magana. Akwai kuma waɗanda ya rubuta da Jamusanci, inda ya kwashe maganar mutanen Tamil ya kai wa Turawa. Iyayen gidansa sun yi murna da na farkon, suka kashe kuɗi aka buga su, amma manyan na biyun sai suka kulle su a akwati. Da zamani ya yi nisa sai hukuncin ya juya. Waɗanda aka buga aka daina karanta su, waɗanda aka ɓoye kuwa su ne masana ke nema. Dalilin wannan juyi shi ne abin da ya kamata duk mai rubuta wa jama'a littafi ya tsaya ya duba.

Yadda ya koyi harshen

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma da ɗan gari a kan ci gari. Ziegenbalg ya gane haka da wuri. Harshen da Turawa da barorinsu ke magana da shi a gaɓar nan a lokacin shi ne gurɓataccen Fotugis, da shi ya fara. Amma ya ga ba zai kai ga zuciyar mutane da harshen aro ba. Sai ya shirya da wani tsohon malamin makarantar yara ya komo da makarantarsa gidansu, shi da abokinsa suka zauna ƙasa tare da yara, suna zana baƙaƙe da yatsa a kan rairayi. Tsohon bai san Fotugis ba, saboda haka sun iya karatu da rubutu, amma ma'ana ta gagara, har Allah ya haɗa su da wani mutumin gari, Aleppa, wanda dā tafintan kamfanin Danmak ne, ya kuwa iya harsunan Turai da dama. Wannan shi ya buɗe masa ƙofa.

Littattafan mutanen Tamil a lokacin a kan ganyen wata irin giginya a ke rubuta su, da tsinken ƙarfe, a huda ganyayen a zura zare a ɗaure. Ziegenbalg ya ɗauki marubuta suna kwafa masa, ya kuma aika da su cikin ƙasa su sayo masa abin da suka samu. Kafin ya cika shekara uku ya tattara ƙamus na maganar yau da kullum mai kalmomi wajen 20,000, da wani dabam na kalmomin waƙa mai wajen 17,000.

Wannan raba ƙamus biyu ba shi ya ƙaga shi ba, haka harshen ya ke. Tamil harshe ne mai tsohon adabi, an fi shekara dubu ana rubuta waƙoƙi da nahawu da shi kafin Bature ya taka ƙasar. Akwai maganar kasuwa da gida, akwai kuma tataccen harshe na malamai, wanda su ke kira Sentamil. Mai karatu ya tuna bambancin da ke tsakanin Hausar kasuwa da ta waƙoƙin wa'azi na malamai, sa'an nan ya ninka shi sau da yawa. A wurinsu kusan kowane ilmi a waƙe ya ke, nahawu ne, ko magani, ko taurari, ko addini. Rubutun zube ba shi da wani matsayi sai a wasiƙa, ko takardar shaida, ko sharhin da malami ya ke yi wa baiti. Littafin hikimarsu mafi shahara, Tirukkural, baiti 1,330 ne, kowane baiti layi biyu tak. Duk wanda zai ba irin waɗannan mutane littafi, tilas ya zaɓi harshen da zai rubuta shi, kuma zaɓin nan shi zai nuna waɗanda za su karanta da waɗanda za su raina.

Littafin da aka buga

Cikin watan Oktoba na 1708 ya fara juya Sabon Alkawari zuwa Tamil. Bai yi nisa ba rigima ta haɗa shi da Gwamnan garin, Hassius, wanda tun farko ba ya son zuwansu, gama fatake suna tsoron kada wa'azi ya ɓata musu ciniki. Aka jefa shi kurkuku a Dansborg daga Nuwamba 1708 zuwa Maris 1709. Da ya fito ya ci gaba, ya gama cikin Maris 1711. Wata ƙungiya ta Kiristocin Ingila ta aiko musu da injin ɗab'i cikin 1712, aka zubo baƙaƙen Tamil na darma a Halle suka iso cikin 1713. Baƙaƙen suka yi girma, suna cin takarda, takarda kuwa da tsada, sai da aka sake zuba ƙanana nan garin. Kashi na farko, watau Linjila huɗu da Ayyukan Manzanni, ya fito cikin 1714, saura ya biyo baya cikin 1715.

Yabon gwani ya zama dole. Wannan shi ne Sabon Alkawari na farko da aka taɓa bugawa da wani harshe na Indiya, shekara kusan 80 kafin William Carey ya sauka Bengal cikin 1793. Amma kada a ce shi ya fara buga littafi da baƙaƙen Tamil, kamar yadda waɗansu masu yabonsa kan faɗa. Wani fada na Katolika, Henrique Henriques, ya riga shi tun 1578. Abin da Ziegenbalg ya kawo sabo shi ne niyyar cewa kowane mutum, namiji ko mace, masunci ko bara, ya riƙe littafin da hannunsa ya karanta da kansa. Don haka ya buɗe makarantu, har da ta 'yan mata, tun 1707. Don haka kuma ya zaɓi maganar yau da kullum da gangan, alhali ya san harshen malamai yana nan, ga ƙamus ɗinsa ma ya tara.

Niyyar ba ta da aibu, amma aikin yana da shi. Maganar da ya fi ji a kunnensa ta bakin tashar jirgi ce, ta masunta da barori da 'yan dako, wadda ta gauraya da Fotugis. Kalmomin addini kuwa yawancinsu ya aro su ne daga littattafan Katolika da ya tarar, har da sunan da ya kira Allah da shi, Saruwesuran. Jimlolinsa dogaye ne, suna tafiya bisa kafaɗar harshen Turai, kalmomin Tamil ne amma numfashin ba nasu ba ne. Ga kuma wani abu wanda ya fi waɗannan nauyi. 'Yan mishan sun kira littafinsu Wedam, watau sunan da mutanen Hindu ke kiran mafi tsarkin littattafansu. To, wanda ya ɗauki wannan suna ya kira mutane su gwada. Malamin Tamil da ya saba jin maganar Ubangiji cikin baiti mai awo, wanda a ke rerawa, in ya buɗe wannan ya ga maganar da a ke cinikin kifi da ita, me zai ce? Ba zai kai ga duba ma'ana ba, tun a bakin ƙofa zai juya.

Sukar Beschi

Wanda ya fi kowa fito da wannan aibi fili shi ne wani fada Ba'italiye na ƙungiyar Jezuwit, Constanzo Beschi, wanda ya iso Indiya cikin 1710 ya zauna cikin ƙasa, nesa da garuruwan Turawa. Shi ya bi ɗaya hanyar. Ya sa tufafi irin na malaman ƙasar, ya ɗauki suna irin nasu, ya ƙware a Sentamil har ya tsara doguwar waƙa mai baiti fiye da 3,600 a kan Yusufu mijin Maryamu, mai suna Tembavani, wadda malaman Tamil da ba Kirista ba ma su kan lasafta ta cikin adabinsu. Bayan rasuwar Ziegenbalg, da ya ga mutanen Tranquebar suna janye masa mabiya, sai ya rubuta littattafai na raddi, ya yi wa Tamil ɗinsu ba'a mai zafi, ya nuna cewa mai ilmi ba zai iya karanta ta ba sai da dariya ko ɓacin rai.

Yaya za mu auna wannan suka? Da fari, ba ta fito daga bakin alƙali ba, daga bakin kishiya ta fito, wanda ke jin haushin an shigo masa gona. Na biyu, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Waƙar Beschi ba mai iya karanta ta sai wanda ya yi shekaru gaban malami, kuma duk ƙwarewarsa bai taɓa miƙa wa talakan Tamil nassin Linjila a hannu ba. Na uku, shi kansa ya san darajar maganar yau da kullum, gama ya rubuta mata nahawu, ya kuma rubuta labarin ban dariya na wani wawan malami da almajiransa da sassauƙan harshe. Abin mamaki ma, wannan nahawu nasa ba a sami inda za a buga shi ba sai a maɗaba'ar abokan gabansa ta Tranquebar, cikin 1738. Sun ji zafin bakinsa, amma sun ga littafin yana da amfani, suka buga. Wannan abin a yaba musu ne.

Duk da haka, mugun nufin mai suka ba ya mai da gaskiyarsa ƙarya. Kunnen Beschi ya ji abin da ke akwai. Shaida kuwa ba daga wurinsa za mu nemo ta ba, daga magadan Ziegenbalg ne. Shi ya juya Tsohon Alkawari har zuwa Littafin Rut kafin ya rasu, Benjamin Schultze ya ƙarasa, aka gama buga duka cikin 1728. Ba a daɗe ba su da kansu suka ga sai an sake. Johann Philipp Fabricius, wanda ya zo cikin 1740, ya shafe shekaru yana gyara, yana karanta wa mutanen ƙasa yana jin ta bakinsu, ya fitar da sabon Sabon Alkawari cikin 1772, da taƙaitattun jimloli masu daɗin ji, ya kuma sauya sunan Allah zuwa Parabaran. Wannan shi Kiristocin Tamil suka riƙe suka so, har su kan kira shi fassarar zinariya. Ke nan littafin Ziegenbalg bai cika shekara 60 ba aka ajiye shi. Fassarar Fabricius ita ma aka yi ta yi mata kishiyoyi, har zuwa ta haɗin gwiwa ta 1871, inda aka sake sauya sunan zuwa Dewan.

Abin da zuben 'yan mishan ya rasa kuwa, 'yan ƙasa ne suka cika shi. Tun Ziegenbalg yana da rai, ɗan tsohon malamin nan nasa, Kanabadi, wanda mawaƙi ne, aka yi masa baftisma cikin 1709, ya soma mai da koyarwarsu waƙa, ko da ya ke daga baya ya rabu da su. Wanda ya kai aikin ga cika shi ne Vedanayagam Sastri na Tanjawur, wanda ya rayu daga 1774 zuwa 1864, almajirin ɗan mishan Christian Friedrich Schwartz. Shi ya zuba addinin cikin karin waƙoƙin ƙasar, har yau ana rera waƙoƙinsa a majami'un Tamil. Ashe Ziegenbalg da Beschi kowannensu rabin gaskiya ya riƙe. Ɗaya ya ce a yi magana yadda talaka zai ji, ɗaya ya ce a yi ta yadda za a girmama ta. Haɗa biyun bai yiwu ba sai a bakin wanda ya sha harshen a nono.

Littafin da aka ɓoye

Mu komo ga iri na biyu. Cikin 1708 Ziegenbalg ya aika Turai da jerin littattafan da ya tara, yana ba da bayanin kowanne, wanda ya wallafa shi, da abin da ke ciki, da yadda mutane suka ɗauke shi. Na mabiya addinan ƙasar sun kai 119, ban da na Katolika da kuma 'yan kaɗan na Musulmin Tamil, gama akwai Musulmi a gaɓar nan tun da daɗewa, ya kuwa yi muhawara da malamansu. A shekarar nan kuma ya juya ƙananan littattafai uku na ladabi da hikima zuwa Jamusanci. Shi da bakinsa ya faɗa cewa ya zo da zaton da yawancin Turawa ke yi, wai mutanen nan jahilai ne marasa tsari, karatun littattafansu ne ya raba shi da wannan zato.

Daga nan ya rubuta manya biyu. Na 1711 bayani ne a kan addini da al'adun mutanen, na 1713 kuwa shi ne Salsalar Allolin Malabar. Malabar shi ne sunan da Turawan lokacin ke kiran mutanen Tamil da shi bisa kuskure. Tsakanin waɗannan, shi da abokin aikinsa Johann Ernst Gründler suka yi wata dabara wadda ba a saba gani ba a zamanin. Suka riƙa rubuta tambayoyi suna aika wa mutanen ƙasa, suna karɓar amsa a rubuce, suna juyawa zuwa Jamusanci. Wasiƙu 99 daga ciki aka buga a Halle kashi biyu, cikin 1714 da 1717. A cikinsu mutanen Tamil sun bayyana ibadarsu da shari'arsu da aurensu da maganinsu. Sun kuma faɗi abin da ya hana su shiga addinin Turawa, ba su ɓoye ba: suna ganinsu suna yanka saniya suna ci, suna shan giya su bugu, ba su kula da tsarki da wanka. Ɗan mishan ya ɗauki wannan ya aika wa masu ba shi kuɗi su karanta. Ba kowa zai iya ba.

Littafin Salsala shi ne gwanintarsa. Ya fara da abin da ya tarar cikin littattafansu, cewa bisa dukan alloli akwai Ɗaya, marar siffa, marar farko, wanda su ke kira Parabarawastu. Daga nan ya sauko ga manyan uku, Siwa da Wishnu da Barahma, da matansu da 'ya'yansu. Sa'an nan ya zo ga ababen bautar ƙauye, irin su Mariyamman wadda a ke roƙo a kan agana, da Ayyanar mai tsaron gari, ya ƙare da sauran halittun sama. Ga kowanne ya faɗi sunayensa, da siffar gunkinsa, da bukukuwansa, da littattafan da ke maganarsa, sa'an nan ya kawo wasiƙar wani mai bauta masa, ya bar shi ya yi bayani da kansa.

Darajar littafin tana nan wurin ababen bautar ƙauye. Turawan da suka zo daga baya suka yi suna wajen binciken addinin Hindu, irin su William Jones wanda ya kafa ƙungiyar masana a Kalkata cikin 1784, ta hanyar harshen Sanskrit suka bi, da bakin manyan malaman Barahman. Abin da suka samo addinin littafi ne. Ziegenbalg bai ƙware a Sanskrit ba, da Tamil kaɗai ya dogara, sai wannan rashi ya zame masa riba. Ya rubuta abin da manomi da masaƙi da mai tukwane ke yi a kudancin Indiya shekara 300 da suka wuce, abin da ba wani Bature na zamaninsa da ya rubuta shi da irin wannan cika.

Da littafin ya isa Halle, Francke ya ƙi buga shi. Abin da a ke ruwaitowa daga gare shi shi ne, an aike su ne su kawar da arnanci a Indiya, ba su yaɗa shirmensa a Turai ba. Littafin bai fito da sunan mai shi ba sai cikin 1867, a Madaras, bayan shekara 154. Na 1711 kuwa sai cikin 1926 wani masani na ƙasar Holan, Willem Caland, ya buga shi a Amsitadam, bayan shekara 215. Kada mu ɗora wa Francke abin da ya fi laifinsa. Shi ya riƙa buga labaran mishan ɗin tun 1710, a hannunsa wasiƙun nan suka fito, kuma aikin duka da sadakar masu ibada ya ke tafiya, su kuwa labarin tuba su ke so su ji. Amma ya auna littafin da mudun da ba nasa ba. Irin wannan awo kuma shi ya dami Ziegenbalg a ƙarshen ransa, sa'ad da magatakardan hukumar mishan ta Kofanhegan, Christian Wendt, ya riƙa rubuto masa cewa ya shagala da gine-gine da makarantu da abin duniya, maimakon ya fita yawon wa'azi hannu wofi.

Aibin iri na biyu

Kada mai karatu ya zaci littattafan nan ba su da tabo. Ziegenbalg bai tara ilmin nan don son ilmi kaɗai ba. Ya tara shi kamar yadda mai yaƙi kan aika a leƙo masa garin da zai faɗa wa. A shekarar da ya gama Salsala, a cikinta ya buga ƙaramin littafi da Tamil yana kiran addinin mutanen akkiyanam, watau jahilci. Sau da yawa ya kan kawo kyakkyawan bayani na mai bauta, sa'an nan ya bi shi da kalmar zagi, sai ka ce mutum biyu ne ke riƙe da alƙalamin, almajiri da mai wa'azi. Ga shi kuma ya jera allolin bisa tsarin zuriya, wane ya haifi wane, har abin ya fi yadda ya ke a bakin mutane daidaituwa.

Aibin da ya fi girma kuwa shi ne na sunaye. Wasiƙun nan an buga su ba sunan waɗanda suka rubuta. Masu bincike na baya sun nuna cewa da yawa daga cikinsu ta hannun Aleppa suka biyo, bayan hukumar Danmak ta kore shi daga garin, kuma ana biyansa lada. In haka ne, muryoyin ba su kai 99 ba, kuma mai amsa ya san abin da mai tambaya ke so ya ji. Wannan ya rage musu ƙarfi wajen zama shaida. Amma ya ƙara nuna wani abu: littattafan da ke ɗauke da sunan Ziegenbalg aikin hannu da yawa ne. Tsohon malami, da tafinta, da mawaƙi, da marubutan da suka yi ta kartar ganye, su ne suka ɗauki jinkar tare da shi. Turai ta san sunan mutum guda, sauran sai an tona takardu a ke tsintar nasu, waɗansu ma sun ɓace har abada.

Hukunci

In an auna Ziegenbalg da mudun iyayen gidansa, watau yawan waɗanda suka shiga addininsa, abin da ya samu kaɗan ne, gama sa'ad da aka binne shi a majami'ar da ya gina cikin 1718 jama'arsa ɗaruruwa kaɗan ce. Fasto na farko ɗan ƙasa, Aaron, sai cikin 1733 aka naɗa shi. In an auna shi da fassararsa, ita ce ta share hanya, amma wasu suka bi ta kanta suka wuce. Injin ɗab'i da rubutun zube da 'yan mishan suka yaɗa kuwa ba su tsaya inda aka nufa da su ba. Arumuga Navalar na Jaffna a tsibirin Silon, wanda ya taimaki ɗan mishan Peter Percival da fassarar da ta fito cikin 1850, shi ne ya kafa tasa maɗaba'a, ya rubuta littattafai da zube mai tsabta don kare addinin Siwa daga 'yan mishan ɗin. Danmak ma ta sayar wa Ingila da garin cikin 1845, ta kwashe kayanta.

Abin da ya saura ba wanda ya maye gurbinsa shi ne abin da ya rubuta sa'ad da ya rufe bakinsa ya buɗe kunne. Fassara ana iya sake ta, an kuwa sake ta sau da yawa, kowace ta fi ta gabanta. Amma ba mai iya komawa 1712 ya tambayi mutumin Tarangambadi abin da ya ke bauta wa da dalilinsa. Wanda ya yi tambayar ya rubuta amsa, shi kaɗai ya tsare mana ita, har yau kuwa waɗansu daga takardun suna ajiye a Halle. A littafin da ya koyar, ya yi gaggawa, ya ba mutane harshensu kafin ya gama jin yadda su ke so a yi musu magana da shi. A littafin da ya koya, ya yi haƙuri, ko da ya ke zuciyarsa ba ta yarda da abin da hannunsa ke rubutawa ba.

Saboda haka duk wanda aka ba aikin rubuta wa jama'a littafi, ko na addini, ko na makaranta, ko na hukuma, yana da abin lura a nan. Sanin kalmomi 20,000 bai isa ba, sai an san wace magana mutane ke girmamawa, wace kuma su ke ji, a nemi inda biyun suka haɗu. Kuma in 'yan gari sun taya shi ɗaukar kaya, ya rubuta sunayensu tare da nasa.